Wallahi a P Na Bar Ta

Motar ta yayana ce. Kat-kat ce, irin mai jan ƙafa huɗu, fara, doguwa, ya sayo ta ta hannu daga Kwatano shekarar da kasuwar fata ta yi masa kyau. Ita ce mota ta farko mai canja bites, wato giya, da kanta da ta shigo gidanmu a unguwar Birni ta Damagaram. Feda biyu kawai gare ta, sai sanda a tsakanin kujerun gaba, da haruffa jere a gefenta: P ta ajiyewa, R ta komawa baya, N ta sakin mota, D ta tafiya. Yaya yana ji da ita ƙwarai. Ko ƙura ta hau ta, da gefen rigarsa yake gogewa.

Mai tuƙa ta wani dattijo ne ɗan Mirriya, wanda ya tuƙa mahaifinmu tun muna yara, bayan rasuwarsa kuma Yaya ya gaje shi tare da rumfar kasuwa. Baba muke ce masa dukanmu. Ya yi shekaru yana jan manyan motoci cikin yashi kafin ya zo gidanmu, kuma bai taɓa yarda da wannan sabuwar ba. Duk inda ya tsaya sai ya sauko ya nemi dutse ya sa wa taya. Yaya ya yi ta yi masa dariya.

"Baba, wannan ba akwalar da ka sani ba ce. In ka tura sanda P, an gama. Ka daina ba mu kunya da duwatsu a ƙofar gidan mutane."

"To, Alhaji."

Ya daina ɗin. Birkin hannun ma ya daɗe da yin sanyi, ya faɗa sau biyu ko uku, Yaya ya ce za a duba, ba a duba ba.

Ni ne auta. Malamin lissafi ne ni a lakwal, makarantar boko, shi ya sa kowa Mushe, wato malam, yake ce mini, ban da Inna da Yaya. Kakanninmu maƙera ne, kuma ni kaɗai na ɗauko hannunsu a gidan. Rediyo, fanka, famfo, keken ɗinkin maiɗakina, duk ni ke gyarawa. Mutane suna yabo, ni kuma yabon ya shiga kaina, har na ɗauka babu abin da aka haɗa da bulon, wato noti, da zai gagare ni.

Wata kaka Yaya ya tafi Umra. Baba ya nemi izini ya koma gida girbin hatsi. Aka ajiye motar a rumfar gidan Yaya, aka ba ni kile, makullin motar, saboda in riƙa tayar da ita batir kada ya mutu. Da zai tafi, Yaya ya riƙe hannuna a bakin ƙofa.

"Tayarwa na ce, Auta. Ban ce fita ba."

Na ce na ji.

Kwana shida da tafiyarsa wani abokin aikina ya yi suna a Takieta. Na iya hawa babur ɗina kamar yadda na saba. Amma na san wasu da muka yi karatu tare za su zo, waɗanda yanzu suke manyan biro, wato ofisoshi, da motocin aiki, sai zuciya ta ce mini wa zai sani? Na ɗauki kat-kat na tafi. Na samu abin da na je nema: aka buɗe mini hanya, aka nuna mini inuwa, aka yi ta cewa Mushe an samu ci gaba. Ban ce tawa ce ba, ban kuma ce ba tawa ba ce.

A hanyar dawowa na tsaya bakin kwalta na yi la'asar. Da na koma na tayar, na ja sanda zuwa D, sai na ji ta taho sakaka kamar an tsoma muciya a ruwa. Na tura ta gaba, na ja ta baya, ba abin da ya riƙe ta, motar kuma ba ta motsa ba. Na shimfiɗa sallaya a ƙasa na shiga ƙarƙashi da babbar rigata ta suna. Can gefen buwat, wato akwatin bites, na ga wani ɗan hannun ƙarfe, ga kuma kabul ɗin da ke zuwa daga sanda yana reto, ya fice daga kansa. Ƴar robar da ke haɗa su ta ruɓe, sai gutsattsari a yatsuna. Na kira wani mai amalanke da ke wucewa na roƙe shi ya zauna ya danne birki da ƙafa, ni kuma na tura hannun ƙarfen da hannuna har na ji motar ta ɗan zabura. A haka na kawo ta Damagaram, ban kashe ta ba, ban taɓa sanda ba, har cikin rumfa.

Abin da ya kamata in yi ba ɓoyayye ba ne. Akwai garaj ɗin da Yaya ke kai ta kullum. Amma mai garaj abokin Yaya ne tun na ƙuruciya, tare suke shan shayi, kuma zai tambaye ni yadda roba ta fice a motar da aka ce tana tsaye. Na zauna da salula ina kallon bidiyon Turawa suna gyara irin wannan matsala a motocinsu. Na ga abu ne mai sauƙi. Zoben roba ne ɗan ƙarami, a danna shi cikin kan kabul, a mayar, shi ke nan.

Na zaga masu sayar da piyes, kayan gyaran mota, ban samu irinsa ba. Ɗaya ya ce zai sa a kawo mini daga Kano cikin mako biyu. Yaya kuwa saura kwana tara ya dawo. Sai na ce in yi da kaina. Ranar Asabar da safe na yanko guntun tiyon fetur, na fere shi da reza har ya shige ramin kan kabul, na sa rondel, ɗan faifan ƙarfe mai huda, a bayansa, na ɗaure da wayar ƙarfe zagaye uku na murɗe bakin da filaya. Kabul ɗin ya ƙi kaiwa daidai, don haka na kwance bulon ɗin da ke saita tsawonsa, na ja shi har ya shiga, na mayar na ɗaure. A bidiyon, mutumin ya daɗe yana bayani a kan wannan bulon, cewa dole sanda da buwat su kasance a gurbi ɗaya kafin a ɗaure shi. Na wuce wurin da yatsa, don na ga kamar na gane.

Na tayar. R ta yi baya, D ta yi gaba. Na ji daɗi har na yi wa kaina murmushi a madubi.

Washegari na zo tayarwa, ta ƙi. Na murɗa kile, shiru. Sai da na dafa sanda na ƙara tura ta gaba kaɗan sannan ta kama. Irin waɗannan motoci ba sa tashi sai buwat tana cikin P ko N sosai, na san haka, a bidiyon ma an faɗa. Motar tana gaya mini cewa sanda ta kai P amma buwat ba ta kai ba. Na tsaya hannuna a kan sandar na ɗan lokaci. Sai na tuna da zafin ƙasa, da man da ya ɓata mini riga, da cewa gobe akwai lakwal. Na ce zan duba ranar Asabar mai zuwa. Asabar ta zo aka kira mu taron iyayen yara. Ta gaba kuma Yaya ya riga ya sauka.

Maiɗakina ce kaɗai ta sani. Da na wanke hannu ranar gyaran ta ce mini, "Mushe, ka faɗa wa Yaya in ya dawo. Faɗa zai yi, ya wuce."

Na ce, "Me zan faɗa? Abu ya lalace, na gyara."

Baba ya dawo daga girbi ya karɓi kile. Bayan kwana biyu ya same ni a zaure ya ce, "Mushe, wannan mota ta koyi sabon hali. Wani bi sai na lallaɓa sanda take tashi."

Na ce, "Zaman da ta yi ne, Baba. Za ta saki."

Ya gyaɗa kai. Ya yarda da ni, don ni ne mai boko, ni ne kuma mai gyara.

Wajen wata guda bayan haka mijin ƙanwar Inna ya rasu a Gidimuni. Muka tafi gaisuwa mu huɗu: Baba a tuƙi, Yaya a gefensa, ni da Inna a baya. Inna ta haura saba'in a lokacin, gwiwoyinta sun gaji, hawa da sauka daga wannan doguwar mota wahala ne gare ta. Mun isa da hantsi, rana ta fara zafi. Gidan rasuwar yana kan tudu, daga ƙofarsa ƙasa tana gangarawa a hankali zuwa garake, lambunan garin, bayan garake kuma tafki. Baba ya tsaya goshin motar yana kallon gidan, bayanta yana kallon gangare. Yaya ya ce Inna ta dakata a ciki, a bar mata kilim yana hura sanyi, mu shiga mu sa a kawo kujera da mata biyu su tallafe ta. Saboda haka ba a kashe mota ba. Na ga Baba ya tura sanda gaba, ya ja birkin hannu, ya sauko ya zagaya yana gaisawa da dattawan da ke zaune a tabarma.

Ban kai zaure ba na ji wani ƙas a bayana. Na waiwaya. Motar tana tafiya da baya, ba kowa a sitiyari, fuskar Inna a jikin gilashi bakinta a buɗe.

Na daskare. Wannan ma ina faɗarsa ne don gaskiya: ni da nake da ƙuruciya, ban motsa ba sai da Baba ya riga ya yi nisa. Tsoho ya yar da hularsa ya bi ta da gudu, ya kama ƙofa, ta ja shi gwiwoyinsa suna jan ƙasa, ya ɗaga kansa ya faɗa ciki rabin jiki. Ta keta shingen ƙaya, ta bi ta kan fangalin albasa, muna jin mata suna salati. Ya samu ya danna birki da hannu, ɗayan hannun yana fizgar sanda, amma ya makara kaɗan. Bayanta ya daki kututturen dabino da ƙarfi. Da babu dabinon nan, abin da ya rage tsakaninta da ruwa bai fi tsawon igiyar guga ba.

Inna ta faɗo tsakanin kujeru. Goshinta ya fashe, wuyan hannunta na dama ya karye. Ba ta yi kuka ba, sunan Allah kawai take kira. Muka fito da ita muka kwantar a inuwa. Baba yana zaune a ƙasa, wandonsa ya yage, jini yana bin ƙafafunsa, yana haki.

Yaya ya leƙa cikin mota ya kashe ta. Ya dubi sanda. Tana kan N.

"Baba! A sake ka bar ta? Da uwata a ciki?"

"Alhaji, wallahi a P na bar ta."

"Ga ta nan a N! Ido ne ba ni da shi?"

"Ni na ja ta yanzu, ina kokawa da ita. Wallahi tallahi, a P na bar ta."

"Mota tana P ta tashi ta yi tafiya da kanta? Tun ranar da na sayo ta ba ka gane ta ba, ka ƙi ka faɗa!"

Mutanen gari sun kewaye mu. Baba ya ɗaga ido yana neman wanda zai tsaya masa, idonsa ya sauka a kaina. Na gan shi da idona ya tura sandar nan. Na san tiyon, na san wayar, na san bulon. Kalmomi biyar daga bakina sun isa su wanke shi. Na sunkuya na kama hannun Inna mai lafiya, na ce a kawo ruwa.

Aka ɗaure mata hannu a ɗakin shan magani na garin, Yaya ya tuƙa mu da kansa zuwa babbar likita, wato asibiti, a Damagaram. Baba ya zauna a baya can wajen kaya, inda ƙofa ta lotsa. Har muka iso ba wanda ya yi masa magana.

Abin da na yi bayan nan ya fi na farko muni, don na farko ganganci ne, wannan kuwa da hankalina na yi shi. Yaya yana likita wajen Inna, ya ce in kai mota garaj a duba ta gaba ɗaya, a kuma buga bayan. Na ce to. Kafin in kai, na biya wajen mai piyes. Zoben robar ya daɗe da zuwa daga Kano, yana cikin leda yana jirana. Na koma rumfa da sassafe na shiga ƙarƙashi. Tiyon ya mutsuke ya zama kamar taunannen rake, kabul yana wasa a cikinsa. Na yanke wayar, na danna sabon zobe, na sa sanda a N, na sa hannun buwat a N, sannan na ɗaure bulon, kamar yadda mutumin bidiyo ya ce tun farko. Aikin bai kai rabin awa ba. Na shafa ƙasa da baƙin mai a wurin don kada sabunta ta nuna. Tiyon da wayar na jefa su a masai.

Na gaya wa kaina cewa don kada wani ya sake jin ciwo na yi. Akwai wannan a ciki. Amma ba don shi na shafa ƙasa da mai ba.

Mai garaj ya hau da ita tudu, ya sa P, ya saki birki, ya sa yaran garaj suka tura. Ko gezau. Da yamma ya je likita ya ce wa Yaya, a gabana, "Alhaji, buwat ɗinka lafiya lau. P tana kamawa kamar ƙusa. Birkin hannu ne kawai ya mutu, na gyara. Tsufa ne ya zo wa Baba, sai haƙuri."

Yaya bai kore shi da wulaƙanci ba. Ya kira shi zaure ya ce, "Baba, ka yi mana aiki, ka yi wa mahaifinmu. Ka je ka huta." Ya sa aka ɗora masa buhun hatsi da turmin atamfa na iyali. Baba ya ajiye kile a kan tabarma da hannu biyu. Ya ce a gaishe da Hajiya, a ce mata ta yafe masa. Ni na raka shi bakin hanya, ni na tsayar masa da motar Mirriya. Da zai shiga ya ce, "Mushe, Allah ya yi maka albarka. Kai kaɗai ba ka ɗaga mini murya ba."

Hannun Inna ya yi wata uku kafin ya haɗu, kuma bai koma daidai ba. Kullum in na taso daga lakwal nakan biya in ba ta fura da ludayi, don ba ta iya riƙewa. Dangi suna ta yabona, wai Auta ya fi kowa jin ƙan uwa. Wata rana ina ba ta, ta kau da kai ta ce, "Ni fa na ga mutumin nan ya tura sandar har ƙarshe. Ina zaune a bayansa."

Na ce, "Inna, firgita ce. An duba mota, ba abin da aka samu."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta buɗe baki na ci gaba da ba ta.

Maiɗakina ba ta tona ni ba, amma ta daina kawo mini abin gyara. Da keken ɗinkinta ya lalace, waje ta kai. Ban tambaye ta dalili ba.

Shekara ta zagayo, har da rabi. Ina jin labarin Baba daga bakin direbobin tasha. Magana ta riga ta bazu cewa ya kusa nutsar da uwar maigidansa a tafkin Gidimuni. Aka ce yana zama a tashar Mirriya yana kiran fasinja. Na sha yin niyyar zuwa, in na kai mararraba sai in juya babur. Abin da ya tura ni a ƙarshe ba wani babban abu ba ne. Na kama wani ɗalibi ya kwafi jarrabawa ya bar na kusa da shi ya sha hukunci, na tsaya gaban aji ina yi masa wa'azi a kan amana, sai na ji muryata kamar ta wani. Ban iya ƙarasa darasin ba.

Ranar kasuwar Mirriya na tafi. Na same shi a gindin itacen bedi kusa da ƙananan motocin Damagaram, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ya yi murna da ganina, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi hannun Hajiya. Na ce ina da magana. Muka koma gefe, bayan rumfar masu rake. Na faɗa masa duka, tun daga sunan Takieta har masai. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Sannan ya ce, "Ke nan a P na bar ta."

"A P ka bar ta, Baba."

"Ka gani da idonka?"

"Na gani."

Ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Da ya sauke, ya yi magana a hankali, ba ya kallona.

"Mushe, da mai garaj ya ce mota lafiya take, sai na ce to kaina ne ya fara taɓuwa. In na yi alwala sai in sake, ban tabbata na wanke ƙafa ba. In na rufe ɗaki sai in koma in duba sau uku. Wani mai mota a nan ya ba ni kile in riƙa yi masa jigilar Damagaram, na mayar masa, na ce kada in kashe ƴaƴan mutane. Permina na tuƙi ma na ba tsohuwar matata ta ɓoye. Rantsuwar nan da na yi gaban jama'a, na je wajen malam na ce ina jin na rantse a kan ƙarya. Na yi azumin kaffara, na daɗe ina tuba."

Na durƙusa a ƙasa cikin ɓawon rake na ce ya yafe mini don Allah.

"Tashi, mutane suna kallo. Kai malami ne." Ya jira na tashi. "Yafiya tana zuwa, in Allah ya so. Yau dai ba ta zo ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Alhaji ya sani?"

"Bai sani ba."

"Hajiya fa?"

"Ita ma."

"To ba ni ne farkon wanda za ka faɗa wa ba. Hannunta ne ya karye."

Na koma Damagaram na wuce gidan Inna kai tsaye, na aika aka kira Yaya. Na maimaita a gabansu. Yaya ya miƙe tsaye, na ɗauka mari zai kai mini, da ya yi ma da na ji sauƙi. Ya ce, "Ka bar ni na ci mutuncin mutumin da ya goya ni a kafaɗa? Ka tsaya kana kallo?" Ya zauna, ya sake tashi, ya fita tsakar gida ya dawo. Inna kuwa ba ni ta duba ba, Yaya ta duba ta ce, "Kai ma ka ji rantsuwar dattijo ka zaɓi maganar ƙarfe. Gobe ku tafi ku biyu."

Muka tafi da safe a cikin kat-kat ɗin. Yaya ya roƙe shi ya dawo, ya ajiye masa kile a gabansa. Baba ya ce a'a, idonsa na hagu ya fara yana, kuma hannunsa ya manta sitiyari. Abu ɗaya ya nema.

"A tasha aka ɓata ni, Alhaji. A tasha nake so a faɗa."

Sarkin tasha ya tara direbobi da masu lodi a ƙarƙashin rumfa. Na tsaya a tsakiya na faɗi abin da na yi, da ƙarfi, don na baya su ji. Wasu suka yi salati, wani ya yi tsaki, wani tsohon direba ya ce, "Boko ba garaj ba ne, Mushe." Aka yi dariya kaɗan. Baba bai yi ba. Yana zaune a benci hannuwansa a kan gwiwa, yana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, yana tabbatar kowa ya ji.

Labarin ya riga ni isa lakwal. Na yi watanni ina shiga aji ina jin raɗa a bayana. Yaya ya yi kusan shekara ba ya amsa mini fiye da gaisuwa, har yanzu kuma akwai ɗan abin da bai koma ba tsakaninmu. Hannun Inna yana yi mata ciwo duk lokacin sanyi, ta koyi jan carbi da hagu, ba ta taɓa ce mini kai ne sila ba.

Baba bai sake tuƙi ba. Yaya ya sa aka yi masa aikin ido, ya ci gaba da zamansa a tasha, inda yanzu matasan direbobi ke kawo masa ƙara in sun yi rigima. Nakan je gaishe shi duk ƙarshen wata. Yakan karɓe ni, ya tambayi iyali, mu yi hirar damina da farashin gyaɗa. Ban sake roƙonsa ba, don na ga roƙon ma ɗora masa nauyi ne.

Bara da azumi ya kwanta ciwo, aka kawo shi likita a Damagaram. Na je da yamma da kunu a kwano. Matarsa ta tashi ta ba ni kujera. Ya sa na ɗaga shi ya jingina da bango, ya sha kaɗan, ya miƙo mini kwanon.

"Mushe, maganar nan ta wuce a wajena. Na daɗe ina so in gaya maka, ina jira in tabbata ba da baki kawai zan faɗa ba."

Ya ce in gyara masa matashi, bayansa yana ciwo. Na gyara. Bayan kwana huɗu aka sallame shi, Yaya ya mayar da shi Mirriya, ni kuma na bi su a baya da babur, ɗauke da tabarmarsa da butarsa.